Bakin Kaza Ba Ya Zaman Banza: Abin da Ke Sa Kajin Bayan Gida Cin Junansu

Da zarar bazara ta kankama, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, akwai ƙorafin da ke yawaita a shagunan abincin kaji da wajen likitocin dabbobi a garuruwa irin su Kano da Zariya da Sakkwato: "Kajina suna cin junansu." Galibi mai wannan magana ba mai babbar gona ba ne. Malamin makaranta ne da ya kewaye lungun bayan gida da waya ya zuba kajin ƙwai talatin, ko uwargida da ta kwashi adashi ta sayi 'yan tsaki, ko ɗan fansho mai neman abin cefane. Abin da suke tararwa kuwa kusan iri ɗaya ne. Gashin gindin wutsiya ne ke fara raguwa. Kafin mako ya zagayo, gadon bayan kaza biyu ko uku ya zama fata zalla. Sai wata safiya a buɗe akurki a iske ɗaya kwance, an huda ta ta baya, hanji a waje, 'yan'uwanta na tsaye a kanta baki jina-jina.

Daga nan kowa sai ya kawo nasa dalilin. Wani ya ce kambun baka ne. Wani ya ce 'yan tsakin da aka sayar masa ne ba su da asali. Mai shago ya miƙo ƙunshin bitamin da maganin ƙwayoyin cuta, ya haɗa da lambar wayar mai yanke baki. Kuɗi su fita, ba a jima ba a sake ɗauko gawa.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: me ya sa kajin ƙauye ba sa haka? Kazar da ke kwana a reshen bishiya ko ƙarƙashin rumbu, wadda ba a taɓa auna mata abinci ba, tana fama da shirwa da muzuru da annobar hunturu, amma da wuya ka ji an ce 'yan'uwanta sun cinye ta da rai. Wadda ake ci da ranta ita ce 'yar gatan, mai buhun abincin kamfani da allurar rigakafi a kan kari. Duk wanda ya gane dalilin haka ya kama bakin zaren.

Saran neman girma

Sara galibi iri biyu ne, kuma wanda bai raba su ba zai yi ta maganin abin da ba cuta ba, ya bar cutar tana ci.

Na farko shi ne saran neman girma. Duk kajin da ke zaune wuri ɗaya suna da manya da ƙanana, kowace ta san wadda za ta kauce wa da wadda za ta kora. Wani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda tun yana yaro yake zama gaban kaji yana rubuta wa ya sari wa, shi ne ya fara bayyana wannan tsari ga masana a 1921. Akwai uwar gayya mai saran kowa ba mai saranta, akwai mai bi mata, haka har zuwa ta ƙarshe, wadda kowa ke sara ita kuwa ba ta da wanda za ta huce a kansa. Wani lokaci lissafin yakan harɗe: ja ta fi baƙa, baƙa ta fi wake-wake, wake-wake kuma ta juyo ta fi ja.

Ana gane wannan sara da inda yake sauka. Kai ake nufa, ko zanko, ko ƙeya. Bugu ɗaya ne mai sauri, wadda aka sara ta yi ƙara ta sunkuyar da kai ta ba da wuri, magana ta ƙare. A bakin abinci ake yinsa, ko wajen neman wurin kwana da magariba. Idan kowa ya san matsayinsa ma ba a kai wa ga sara. Harara ta isa. Don haka mai kajin da ke rugowa da tsintsiya duk lokacin da ya ji hayaniya tsawaita rigimar yake yi, domin shari'ar da ya katse yau gobe za a sake zamanta. Muddin ba jini, kuma wadda aka kora tana samun ci da sha, a bar su su sasanta.

Abin da ke mayar da wannan sara ta'asa shi ne baƙunta. Kaji da fuska da zanko suke gane juna, kuma ba su da dogon riƙo: kazar da aka ware mako biyu zuwa uku, in ta dawo baƙuwa ce, sai an sake gwada ƙarfi da ita. Ina ga wadda aka sayo ranar kasuwa, aka kwance mata ƙafa da rana tsaka aka jefa ta cikin kaji ashirin da suka san juna? A fili za ta gudu ta laɓe bayan turmi har a saba da ganinta. A cikin keji ba inda za ta.

Baƙuwar kaza mako biyu ya kamata ta yi ita kaɗai tukuna, nesa da sauran, ba don faɗa ba ma, don kada ta shigo da cuta. Bayan nan a sa ta inda za su riƙa ganin juna ta cikin waya kamar mako guda, suna ci kusa da juna ba mai iya taɓa wani. Ranar haɗawa a bari sai dare ya yi a ɗora ta a sandar kwana, a kuma ƙara mazubin abinci da na ruwa a wata kusurwa, a jingina wani allo ko tsohon kwando da wadda aka koro za ta ɓace wa mai korar a bayansa. Kaza ba ta cika bin abin da ta daina gani ba. Shigar da biyu ko uku tare ya fi shigar da ɗaya, don duka ya rarrabu. Sagaru kuma ba a haɗa su da tsofaffin kaji sai girmansu ya kusa zuwa ɗaya. Haka zabi da talo-talo: a tsakar gida za su zauna da kaji lafiya, a matsattsen ɗaki kuwa kazar ce za ta ji a jikinta.

Tsigar gashi, wadda ba fushi a cikinta

Sara na biyu shi ne mai kisa, kuma abin mamaki babu faɗa a cikinsa ko kaɗan. Ka zauna ka lura: kaza za ta tako a hankali ta bayan 'yar'uwarta, ta dubi gashin gindin wutsiya yadda take duban ƙwayar dawa a ƙasa, ta kama ɗaya ta fizge, sau da yawa ma ta haɗiye. Ba ta tayar da gashin wuya ba, ba ta yi cara ba. Ba ta ƙi wadda ta tsiga ba. Kiwo take yi a jikinta.

Asalin kazar gida wata jar kazar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya, wadda har yau tana nan a dazukan Indiya da Tailan. A 1989 Marian Dawkins ta Jami'ar Oksfod ta bi irin waɗannan kaji da ake bari suna yawo a wani gandun namun daji a Ingila, ta ga cewa a cikin kashi 60 bisa 100 na lokacin da suke a farke baki yana ƙasa yana tsince-tsince, alhali ana ba su abinci. Wato tono da tsinta ba yunwa kaɗai ke sa su ba. Halitta ce, kaza sai ta yi ko da cikinta a cike yake. Binciken da aka yi a Holan tun shekarun 1980 ya ƙara nuna cewa in aka hana baki ƙasar da zai tona, sai ya koma kan abu mafi kusa da zai iya ja, wato gashin maƙwabciya.

To dubi rayuwar kazar birni. Abincinta na yini bai wuce giram 110 zuwa 120 ba, an zuba mata shi a mazubi, ta cinye cikin ɗan lokaci. Ƙarƙashinta siminti ne ko waya. Daga hantsi har magariba ba ta da abin yi, ga baki da aka halitta don ya yini yana aiki. Kazar ƙauye kuwa tun asuba take kan juji, daga nan gindin turmi, daga nan bayan danga tana bin fara. Ina ta ga lokacin tsigar wata? Ga kuma tarbiyya. 'Yan tsakin ƙauye uwa ce ke kiransu tana nuna musu abin da ake sara, in sun gaji su shige ƙarƙashin fikafikanta cikin duhu su huta. Na kwali a ƙarƙashin ƙwan lantarki suke tashi, dare da rana haske, mai barci da mai yawo a cakuɗe, mai yawon yana caccakar mai barcin. A Danmak an gwada yi wa 'yan tsaki wata 'yar rumfa mai ɗumi da duhu a madadin uwa, aka ga tsigar gashi ta ragu ƙwarai har bayan sun girma. Halin da ke fitowa a wata na biyar, sau da yawa a makon farko aka dasa shi.

Akwai alamar da ke riga jini zuwa, kuma ba ta buƙatar likita. Kaji kullum suna zubar da ƙananan gashi. In ka shiga ɗakinsu ka ga ƙasa fes babu ko ɗaya, cinyewa suke yi, kuma wanda ke jikin 'yan'uwa shi ne na gaba.

Da jini ya fito kuwa, zance ya canza. Kaza tana ganin launi sosai, ja kuma yana jan ta. Wadda ta ɗanɗana za ta dawo, sauran su gani su koya, domin kaji da kallo suke ɗaukar hali. Abin da kaza ɗaya ta fara ranar Asabar yana iya zama sana'ar rabin ɗakin kafin Juma'a.

Magani a nan araha ne har mutum ya raina shi: a ba baki aiki. A shimfiɗa buntun shinkafa ko ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa ko dusar katako mai kauri, kamar tsawon yatsa ko fiye, a riƙa juyawa kada ya jiƙe ya daskare. Da la'asar a watsa ɗan dawa ko gero a ciki, tafin hannu ɗaya ko biyu, su yini suna nema. A rataya damin harawa ko ganyen zogale ko ragowar kabeji da alayyahu daga kasuwa daidai tsayin kansu, a fasa kabewa a ajiye. Mutanen karkara sun daɗe da dabarar kifa tsohuwar tukunya mai karmami da kashin shanu da ɗan ruwa a kan hanyar gara, da safe a juye wa kaji. Wannan abinci ne kuma aiki ne. Ko igiya ma tana yi: a cibiyar bincike ta Roslin a Sukotilan an gano cewa tufkar farar igiya da aka rataya tana ɗauke hankalin kaji daga gashin juna. A kuma ajiye musu kasko ko tsohuwar taya cike da yashi da toka don wanka. Wanda yake da fili ya sake su ko na awa biyu kafin magariba. Da kansu za su koma.

Saran da ke kashewa cikin sa'a guda

Akwai wani nau'in da ya fi kowanne gaggawa, shi ne saran mafitar ƙwai. Lokacin da kaza ta saka ƙwai, naman cikin mafitar yakan ɗan leƙo, ja, mai danshi, kafin ya koma. In a sarari ta yi, cikin haske, ta bayanta ta gani ta kai baki. Kaza mai cikakken gashi, lafiyayya, da ta fi kowa ƙwai, ita ce ake samu matacciya da hantsi, domin da safe ake saka ƙwai.

Kazar ƙauye ba ta yarda a gan ta a wannan hali. Lungu take nema, ƙarƙashin gado ko cikin fasasshiyar randa. Abin da ta birni ke buƙata ke nan: wurin ƙwai mai duhu, ɗaya ga kowace kaza biyar zuwa bakwai, a ɓangaren da rana ba ta bugawa, da ɗan labulen buhu a bakinsa. Sandar kwana kuma kada ta zama daidai inda na ƙasa za su miƙa wuya su kai ga bayan na sama.

Haske ma yana da hannu. Da yawa cikin masu kiwo in an kawo wuta sai su bar ƙwai a kunne har safe, wai don kaji su ƙara ci su ƙara ƙwai. Kazar ƙwai ba ta buƙatar fiye da awa 16 na haske a yini, duk da na rana. Abin da ya wuce haka rashin barci ne da tashin hankali. Mafi muni shi ne a yi wa sagaru haka kafin su kai mako 17 ko 18: sai su fara ƙwai jiki bai gama ƙwari ba, bayansu ya fito ya kasa komawa, sauran su taru a kai. Kiba da manyan ƙwai masu gwaiduwa biyu su ma suna jawo wannan.

Zafi, matsi da buhun dusa

Ba banza ba ƙorafin ya fi yawa da bazara. Zafin jikin kaza yana wajen digiri 41, ba ta gumi, haki kawai take yi ta saki fikafikai. Yanayin da take sakewa a ciki bai wuce digiri 18 zuwa 24 ba. A Sakkwato ko Maiduguri ana haura 40 a inuwa cikin Afrilu, balle ƙarƙashin kwanon da ke taɓa kan mutum. Kaji su rage ci, su yi cunkoso a bakin ruwa, kowace a ƙufule. Zana ko ciyawa a kan kwanon, buɗe ɓangarori biyu don iska ta ratsa, ruwan randa sau biyu ko uku a yini, da ba da abinci da sassafe da yamma maimakon tsakar rana, duk suna rage abin.

Game da matsi, dokar Tarayyar Turai ta 1999 kan kajin ƙwai da ba na keji ba ta ba da ma'aunin da za a iya aro: kada su wuce 9 a murabba'in mita ɗaya, kowace ta samu santimita 10 a bakin mazubin abinci da santimita 15 a sandar kwana. Wannan iyaka ce ta ƙasashen sanyi masu fanka a ɗakin kaji. A zafinmu huɗu ko biyar a mita sun isa. Ke nan mai kaji talatin, ɗaki mai mita 2 da mita 3 shi ne ƙarshen ƙuntatawar da zai yi musu, bakin mazubansu kuma in an haɗa ya kai mita 3. Kuskuren da aka fi yi shi ne auna ɗaki da 'yan tsaki: wurin da ya yi wa ɗari yawa a makon farko ba zai ɗauki arba'in ba a wata na huɗu.

Sai abinci. Da masara da waken soya suka yi tashin gwauron zabo a 2023, har Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji ta Najeriya ta yi ta kukan rufewar gonaki, masu kiwon bayan gida suka koma sirka buhun kamfani da dusa, wasu rabi da rabi. Ba a ga laifinsu ba, amma kaza ba ta san tsada ba. Mai ƙwai tana son furotin kashi 16 zuwa 18 bisa 100 a abincinta, da wani sinadari mai suna metiyonin wanda da shi ake gina gashi, da kalsiyam wajen kashi 4 don ɓawo. Dusa zalla ba ta kai nan ba, gashi kuwa kusan dukkansa furotin ne, ga shi a kusa. Wanda dole ta sa shi haɗa nasa abincin ya nemi ƙuli-ƙuli ko gasasshen waken soya, da garin kifi, da garin ƙashi, da ƙunshin sinadaran da ake sayarwa don haɗi. Rashin gishiri ma sananne ne wajen tayar da tsiga, sai dai ma'auninsa ƙanƙane ne, giram 3 zuwa 4 a kilo ɗaya na abinci. Masu jin an ce gishiri magani ne su kwarara shi cikin ruwan sha, su ne ke wayar gari da gawawwakin da ba sara ya kashe ba. Abincin gari kuma ya fi na dunƙule a wannan fanni, don kawai ya fi ɗaukar lokacin ci.

Kafin a ɗora wa kaji laifi, a ɗaga fiffike a duba. Ƙuma da ƙwarƙwata suna sa kaza ta tsige kanta, wasu ƙwarin ma da rana a tsagar katako suke ɓuya, sai dare su hau jiki, don haka da tocila ake kama su. Kazar da ta shekara tana ƙwai takan zubar da gashi ta sake sabo, daga wuya zuwa ƙasa, fata ba rauni. In kuwa gadon baya da ƙeya ne kaɗai suka ƙoƙe, kuma kajin da zakara ya fi so ne, to aikinsa ne. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. Biyu a ɗaki ɗaya fitina ce, mai neman ƙwan ci kuwa ba ya buƙatar ko ɗaya.

Masu cewa a jini abin yake su ma ba su yi ƙarya duka ba. Kajin ƙwai, ko ISA Brown ne ko Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, sun fi kajin nama saurin kamuwa da wannan hali. Na naman nauyi ya hana su kazar-kazar, kuma kafin su koya an yanka su. William Muir na Jami'ar Purdue a Amurka ya nuna yadda gado ke aiki a nan. Ya lura cewa in ana zaɓen kazar da ta fi kowa ƙwai a cikin keji don ta yi iri, sau da yawa azzalumar ake zaɓa, wadda ta yi ƙwai da abincin da ta hana wasu. Sai ya koma zaɓen keji sukutum, mai kaji tara 'yan gida ɗaya, wanda jimillar ƙwansa ta fi yawa, ba tare da an yanke musu baki ba. A rahotonsa na 1996, mace-mace sun faɗo daga kashi 68 bisa 100 a zuriya ta biyu zuwa ƙasa da kashi 9 a ta shida, ƙwan kowace kaza kuma ya tashi daga 91 zuwa 237 a shekara. Mai ƙyanƙyasa a gida yana iya ɗaukar nasa rabon daga wannan: kada a sa wa kaza ƙwan mai tsiga ta kwanta a kai, komai yawan ƙwanta.

Wuƙa a garwashi

Tun da aka fara tara kaji da yawa a ɗaki ake neman gajeriyar hanya. A Amurka an yi rajistar tabarau na kaji tun 1903, daga baya aka riƙa sayar da masu jan gilashi don kada kaza ta bambanta jini da gashi. Wasu da ƙarfe ake maƙala su ta hanci, abin da Birtaniya ta haramta. Yanke baki ya fito a Amurka cikin shekarun 1930, shi ne kuma ya zauna. Yana rage ɓarna, ba musu, domin guntun baki ba ya kama gashi da kyau. Amma bai cire sha'awar ba, kuma ba farce ake yankewa ba: tsinin bakin kaza cike yake da jijiyoyi, da shi take taɓa abu ta san ko mene ne. Shi ya sa Norwe ta hana tun 1974, Suwidin a 1988, Holan a 2019. Inda ake yi har yanzu a Turai, sai ɗan tsako bai kai kwana goma ba, galibi ma da na'urar haske mai zafi ake taɓa tsinin tun ranar ƙyanƙyasa.

Abin da ake yi a lungunanmu daban ne. Kaza ta girma tana ƙwai, a sa wuƙa a garwashi ko a ɗauko almakashi, wani ya riƙe wani ya datse, wani lokaci har kusa da hanci. Jini ya zuba, ta yi kwanaki ba ta ci, ƙwai ya tsaya, wata ma bakin ya warke a karkace har ƙarshen ranta. Mai yankan kuma daga wannan gida sai wancan, da kayan aikinsa da takalminsa da duk abin da suka kwaso. Kazar da aka guntule wa baki ba ta iya tsince ƙwarin jikinta yadda ya kamata, don haka ƙwarƙwata ta fi yawa a kanta. In irin su Noiler ce da ake saki tana kiwo, an raba ta da abin neman abincinta.

Mai kaji dubu biyar a buɗaɗɗen ɗaki da rana ke shiga ta ko'ina yana da hujjar da za a saurara. Mai ashirin ko talatin a bayan gida, wanda zai iya sanin kowace da kamanninta, a ganina ba shi da ita, sai in ya gyara wuri da abinci da haske abin ya ƙi. In ta kai ga haka, ma'aikacin dabbobi ne zai yi, da sanyin safiya, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na baki, a cika mazubi da abinci sosai kwanakin da suka biyo don kada rauni ya riƙa bugun ƙarfe.

Ranar da aka ga jini

Kazar da aka fasa wa jiki ba ta kwana cikin sauran, ko da raunin bai fi ƙwayar wake ba. A fitar da ita nan take, a wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a shafa aidin. Da yawa suna sa shuɗin maganin nan na kemis don ya ɓoye jan. Yana ɓoyewa, amma akwai ƙasashen da suka hana sa shi a jikin dabbar da za a ci, saboda haka a tambayi likitan dabbobi tukuna. Baƙin mai da kananzir ba su da wuri a jikin abin da za a ci namansa ko ƙwansa. Maganin ƙwayoyin cuta kuma sai in rauni ya yi zurfi likita ya ce a ba. Ba ya gyara hali, kuma yana fita a cikin ƙwai. A ajiye ta a kwando ko keji inda sauran ke ganinta don kada ta zama baƙuwa, kada kuma a yi gaggawar mayar da ita: sabon gashi mai tsirowa da jini a cikinsa, shi ne abin da masu tsiga suka fi so. A rage hasken ɗakin na 'yan kwanaki da buhu a ɓangaren rana, ba tare da an toshe iska ba.

Sannan a nemo mai laifin, domin a farkon lamari ba su cika wuce ɗaya ko biyu ba. Kujera za ka ɗauka ka zauna shiru bayan sun gama cin safe, har su manta da kai. Sau da yawa ba uwar gayya ba ce. Wadda gashinta ke cike yana sheƙi alhali na kewaye da ita duk sun ƙoƙe, ita ce abar tuhuma. A ware ta kamar mako guda, a gyara ɗakin kafin ta dawo. In ta dawo ta ci gaba, tukunya ta fi mata, tun kafin ta yaye ɗalibai.

Ko an yi komai daidai, ɗakin ba zai koma kyansa da wuri ba. Gashin da aka tumɓuke daga tushe yana sake fitowa cikin makonni, wanda aka karya aka bar gindinsa a fata kuwa sai lokacin da kazar ta zubar da gashi gaba ɗaya. Kafin nan mai ita zai riƙa biya a buhu, domin kaza mai tsiraicin baya ta fi cin abinci don ta ɗumama jikinta, musamman in hunturu ya riske ta a haka.